Ɗakin Maƙeri a Gindin Dutse

Kwanakin baya jikana ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni gidan da ake adana kayan tarihi a babban birni, wai in ga kayan yaƙin mutanen da. Gida ne mai kyau, an share shi tas, ga fanka tana juyawa a sama. Na ga takubba da masu da sulke an jera su a bayan gilashi, kowanne da 'yar takarda a gindinsa. Da na miƙa hannu in taɓa wani kwalkwali da aka bari a fili, sai mai gadin wurin ya matso cikin ladabi ya ce ba a taɓawa. Ban ji haushinsa ba, aikinsa yake yi. Amma tun daga nan har muka iso gida ban ƙara cewa uffan ba, yaron ya ɗauka gajiya ce. Ba ita ba ce. Wani ɗaki na tuna, ɗakin jinka mai duhu, mai warin tsatsa da hayaƙi, inda na taɓa kai kakata ta wuni tana laluben ƙarafa da hannunta, ba wanda ya ce mata kul.

A Karakkai na tashi, a hannun wannan kaka tawa, wadda ta haifi mahaifina. Shi kuwa ban san shi ba. Ina ciki ya fita da jakinsa zuwa kasuwar Tsafe da kayan taba da kanwa, a shekarar da Nasara suka shigo ƙasar nan, bai dawo ba. Shi ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda matan da suke yi saboda kunya. Mai Jaki take ce masa. Ni kuma Maigida take kirana, wasan kaka da jika, kullum tana yi mini gorin cewa ban iya ciyar da mata ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wancan zamani shi ne ƙarar gari. Tun kafin gari ya waye za ka ji dutsen niƙa yana gurza a ɗakinta, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa don ta manta da ciwon baya. Sai zakaru su karɓa, sai guga ya soma bugun bakin rijiya, sai taɓare su ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, har kana iya gane matar da ke daka ba tare da ka leƙa ba. Da hantsi sai ƙoshiyar masaƙa a gindin ɗorawa, da yamma kukan 'yan awaki suna neman iyayensu. Yanzu injin niƙa ɗaya ya shanye duk waɗannan muryoyi, rediyo ta shanye sauran. Mu kuwa aikinmu bai ƙarewa: kiwon awaki, yankan ciyawar jaki, da hawa rumfa a tsakar gona muna korar tsuntsaye da majajjawa har murya ta dushe. In na dawo da ƙaya a ƙafa, ita ke cire mini da matsefata, tana cewa ƙafar da ba ta san ƙaya ba ba ta san hanya ba. In na yi ƙorafin tuwon jiya, ta ce wanda ya raina ɗumame bai taɓa kwana da yunwa ba. Sauran yini kuwa tana zaune kan tabarma da mazari, yatsunta fari fat da alli, tana kaɗi.

Maganar mahaifina kowa da tasa. Wasu sun ce a kan hanyarsa ya ci karo da yaƙin da aka gwabza tsakanin mayaƙan Kano da sojan Nasara a wajen duwatsun Kwatarkwashi, ya shiga cikin Kanawa ya yi shahada. Wannan na fi so, don ina yaro nakan kwanta in ga shi bisa doki da takobi tsirara. Wasu sun ce ya bi ayarin masu hijira da suka nufi gabas a wannan shekara, suna gudun zama ƙarƙashin Nasara. Wannan ita Kaka ta riƙe. A wurinta Mai Jaki yana can wajen Makka, wata rana zai dawo da farin gemu. Duk wanda aka ce ya dawo daga gabas, ko a wane ƙauye yake, sai ta aike ni in tambaye shi. Kuma ba ta yarda a ce Allah ya jiƙansa a gabanta. Takan ce wanda bai mutu a gabanka ba, kada ka haƙa masa rami da bakinka.

Wannan ne ya raba ta da mahaifiyata. Inna ta jira shekaru, har aka yaye ni, har na soma bin awaki. Daga baya danginta suka kai magana gaban alƙali, ya ba ta izinin aure, ta auri wani manomi a Bilbis. Ranar da za ta tafi Kaka ba ta yi faɗa ba, ba ta yi zagi ba, ta dai shige ɗaki ta ja asabari. Ni aka bar mata. Duk lokacin girbi Inna takan aiko da daddawa da auduga, Kaka takan sa a miƙa wa maƙwabta ba tare da ta kwance ƙullin ba. Ni ma sau ƙalilan aka bar ni na je na gan ta, kuma in na dawo ba a tambayata yadda na same ta.

Haka muka zauna har na zama saurayi, na sami gayauna tawa, aka fara yi mini maganar aure. A lokacin yanar ido ta rufe wa Kaka gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu, amma kaɗi bai gagare ta ba. Wata ranar kasuwar Bungudu na tsaya wurin wani mai sayar da fartanya, muna hira ya ce mini ai a can bayan Gusau, kusa da inda aka yi yaƙin nan, akwai wani tsohon maƙeri da ya tara duk ƙarafan da manoma ke tonowa a gonakinsu, ya ƙi narkar da su, ya cika ɗaki guda da su. Ya ce har daga Kano mutane na zuwa su duba ko za su gane kayan nasu. Da na dawo gida na ba Kaka labarin a matsayin hirar kasuwa kawai. Sai na ji mazari ya tsaya. Washegari ta ce in ɗaura wa jaki akumari. Baffana, ƙanen mahaifina, ya yi ta lallashinta, ya ce tafiya ce mai nisa, gulbi bai gama janyewa ba, kuma me makauniya za ta gani a can.

Ta ce, “Idona yat tafi, hannuna bai tafi ba. Wuƙar da ke ɗamarar Mai Jaki ta ubansa ce, ni na san ƙotarta ko cikin barci. In ban same ta ba, kun ga ke nan yana gabas.”

A nan na gane ba neman kabari za ta je ba. Za ta je ne ta tabbatar wa kowa cewa ba ya can.

Ƙarshen damina ne, gero ya shigo gida, dawa ta fitar da kai. Na ɗora ta kan jaki, na rataya gorar ruwa da ƙullin dakuwa da ƙanzo, muka kama hanya. Yau mota kan cinye wannan tafiya kafin mutum ya gama cin goro ɗaya, amma a lokacin turba ce 'yar siririya tsakanin gamba da ta fi mutum tsawo, raɓa ta jiƙa ka sharkaf kafin rana ta ɗaga. A bakin gulbi masu fito suka ƙetare da ita a kan gora, tana ta yi musu tsiya cewa in suka nutsar da amarya mijinta ga shi nan tsaye. Gusau kuwa ba wannan Gusau ba ce. Jirgin ƙasa bai iso ba tukuna, 'yan kantuna ne ƙalilan da rumfunan masu sayen auduga, kana iya ratsa garin kana amsa gaisuwar kowa. Duk inda muka ya da zango ba mu rasa wanda ya shimfiɗa mana tabarma ba. Wata Bafillatana daga wajen Ruwan Bore da muka yi tafiya tare ta dama wa Kaka fura da nonon da za ta kai kasuwa, ta ce ladan ya ishe ta. Tun daga nan Kaka ta sa ni aikin da na yi har ƙarshen tafiyar, wato in zama idonta. Kowane lokaci tana tambaya, me ke dama, me ke hagu, wace itaciya ce wannan mai ƙamshi. Da dutsen Kwatarkwashi ya bayyana daga nesa, baƙi ƙirin, da mikiyoyi suna shawagi a kansa, na rasa yadda zan kwatanta mata shi. Na ce kamar an kifa tukunyar duniya. Ta yi dariya ta ce ashe Maigida ya iya magana.

Ƙauyen maƙerin ƙarami ne, tun daga nesa muka ji amon masaba da numfashin zuga-zugi. Mutum ne gajere, kakkaura, gemunsa ya yi ja saboda hayaƙi, ba ya son yawan magana. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya ajiye awartaki, ya wanke hannu, ya kama hannun Kaka da kansa ya kai ta ɗakin. Sai da na sunkuya na shiga. Da idona ya saba da duhun, sai na ga bango duk ƙarafa ne. Ga likkafu an zarge su a igiya kamar kifi, ga linzamai, ga kawunan masu, ga guntayen takubba, ga wani yankin sulke da tsatsa ta manne shi ya zama dunƙule. A ƙasa ga ƙorai cike da kan kibiya, wasu kuma cike da kwanson harsashi da maɓallan rigunan soja. Bai ware na Kanawa daga na sojan Nasara ba. Na tambaye shi dalili, ya ce ƙasa ba ta ware su ba lokacin da ta haɗiye su, shi wane ne. Ya ce da farko manoma sun riƙa kawo masa don ya ƙera musu fartanya, shi kuwa zuciyarsa ta ƙi ya sa ƙarfen da ya kwanta da gawa a wutarsa, sai ya riƙa ba su nasa ƙarfen yana jefa waɗannan a ɗaki. Ana nan sai wani dattijo ya zo daga Kano, ya gane likkafar ƙanensa, ya zauna a ƙofar ɗakin yana kuka kamar yaro. Daga ranar ya rataye su yadda kowa zai gani.

Aka shimfiɗa wa Kaka buzu a tsakar ɗakin. Ni ina miƙo mata, ita tana shafawa, tana juyawa, wani ma har ta sansana, sannan ta ajiye gefe. Duk abin da ya yi kama da wuƙa sai da ya ratsa hannunta. Ni kuwa hankalina yana kan takubban, ina ɗaga wannan ina gwada wancan, ina raya wa kaina ko ɗaya daga ciki na mahaifina ne. Har la'asar ba ta sami komai ba. Da ta ajiye ta ƙarshe, tafukanta sun yi jawur da tsatsa, fuskarta kuwa ta washe kamar an yi mata albishir. Ta ce mu kwana mu juya. Maƙerin ya ce ba a zuwa har nan a koma ba a taka filin ba, ko don a yi wa waɗanda ke kwance addu'a. Ba ta so ba, amma kunyarsa ta sa ta amsa.

Da sassafe ya ja mu. Na zaci zan ga wuri mai ban tsoro, sai na tarar da gonaki. Dawa ce ko'ina, ta yi kore shar, wake ya bi kunyoyi, wani Bafillace yana kiwo a gefen fadama yana busa sarewar kara. Maƙerin yana tafe yana nuni da sandarsa, ni ina mayar wa Kaka. Ga ƙoramar da Kanawa suka shayar da dawakinsu, da rani ne, sai da suka tona yashi. Ga tudun da sojan suka tsaya, 'yan kaɗan ne, suka sassare ƙaya suka kewaye kansu. Ga inda dawakin suka taso, suka yi ta zuwa ana zubar da su suna sake tasowa. Ya kai ni gindin wata kuka ya sa na cusa yatsa a ramukan da harsashi ya bari, itaciyar ta warke ta yi tabo a kansu kamar fatar mutum. Kaka ma ta sa aka sauke ta ta shafa. Muka hau wani ɗan falalen dutse, ya nuna mini filin gaba ɗaya, daga gindin babban dutse har inda ido ya gaza. Ya ce shi yana cikin waɗanda suka gudu kan dutse a ranar, daga can suka ji ƙarar bindiga kamar ana suyar gugguru, ba a daɗe ba kuma sai shiru. Ya ce shirun ya fi ƙarar muni. Ina tsaye a wurin, iska tana kaɗa dawa, kurciyoyi suna kuka, na kasa haɗa abin da yake faɗa da abin da nake gani. Wasu yara suka biyo mu suna hura kwanson harsashi yana fito, ko a jikinsu.

Da rana ta take muka koma gidansa. Matarsa, wata tsohuwa siririya mai fara'a, ta kawo mana ruwa a ƙwarya. Na karɓa da hannu biyu. Ina da cindo a hannun hagu, ɗan ƙaramin yatsa na shida, kuma Kaka ta sha gaya mini gadon mahaifina ne. Sai na ga matar ta tsaya tana kallon hannun, ta ƙi sakin ƙwaryar. Ta ce sau ɗaya ta taɓa ganin hannu irin wannan ya karɓi ruwa a wurinta.

Ba wanda ya tambaye ta, ita ta zauna ta faɗa. Ta ce bayan sojan sun wuce, mata suka sauko daga dutse da tuluna suna bi suna shayar da waɗanda ke da sauran numfashi. Can gefe, nesa da inda dawaki suka zube, a gindin wata tsamiya, ta tarar da wani dogon mutum mai zuben Zamfarawa a kumatu. Ba riga ta yaƙi a jikinsa, ba makami, sai 'yar taguwa da igiyar jaki a naɗe a hannunsa. Harsashi ya same shi a ciki. An ce Kanawa ne suka tsare shi a hanya don ya nuna musu inda ruwa yake, ya nuna musu, kafin ya juya abin ya rutsa da shi. Ta ɗaga kansa ta ba shi ruwa, ya riƙe ƙwaryar da wannan hannu mai cindo. Abin da ya fara tambayarta shi ne ko ta ga wani jaki mai farin baki, don tun safe bai sha ruwa ba. Daga nan ya ce mai ɗakinsa tana da tsohon ciki, ya so a ce ya kai mata zanen goyo da ya saya. Ta tambaye shi garinsu, ya buɗe baki, sai kalmar shahada ce ta fito. Mazan ƙauyen suka rufe shi a nan gindin tsamiyar, shi kaɗai.

Na dubi Kaka ina jira ta ƙaryata, ta ce masu cindo suna da yawa a duniya. Sannan ta ce, a hankali:

“Shi na. Tun yana ƙarami, sai ya tambayi dabba ta sha kafin shi ya sha.”

Da rana ta yi sanyi matar ta kai mu. Tsamiyar tana tsakiyar gonar wani mutum, ya noma ko'ina ya bar gindinta, ciyawa ta rufe wasu 'yan duwatsu da aka jera. Kaka ta tuɓe takalmanta tun daga nesa, ta taka da ƙafa, na riƙe ta har ta durƙusa. Ta bi duwatsun da hannu ɗaya bayan ɗaya, tana cire ciyawar da ke tsakaninsu, kamar mai gyara wa yaro shimfiɗa. Sai na ji ta kira shi da sunansa na yanka. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ta kira shi kamar yana bayan ɗaki, ta ce masa ga ɗansa ya girma, ya yi gona, har ana yi masa maganar aure. Sannan ta ɗaga hannu ta ce Allah ya jiƙansa, muka ce amin. Ni kuwa a ranar na rabu da mahayin dokin da na yi shekaru ina gani a barci. Da farko na ji kamar an ƙwace mini wani abu. Amma da na zauna a inuwar nan ina kallon igiyar jakinmu a hannuna, sai na ji mutumin da ke kwance a wurin ya fi kusa da ni fiye da wancan, don shi na san irin tafiyarsa, na san irin ƙayar da ta soke shi.

Na koma wurin bayan shekaru masu yawa, a cikin motar auduga. Maƙerin da matarsa sun rasu, ɗakin ya faɗi, ba wanda ya iya gaya mini inda ƙarafan suka shiga. Tsamiyar ma na neme ta har na gaji, an sare itatuwa da yawa, gonaki sun sauya hannu. Waɗanda na tambaya suka riƙa kallona kamar mai tatsuniya.

Amma in koma ga tafiyarmu. Da gari ya waye na ɗora Kaka kan jaki na juya kansa yamma, hanyar gida. Ta ce rana tana dukan ƙeyarta, ita kuwa a goshi take son ta. Na ce ai gida yamma yake. Ta ce ta sani, Bilbis za mu. Na juya jaki. Muka ratsa Tsafe, ta sa na tsaya a kasuwa na kwatanta mata rumfar masu taba da kanwa, ta saurari hayaniyar wurin na ɗan lokaci, sannan ta ce mu wuce. A hanyar nan ba ta yi mini wasa ko sau ɗaya ba.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana sheƙar gero, ƙannena da ta haifa a can suna kewaye da ita. Da ta ɗaga kai ta ga wadda ke bisa jaki, sai faifan ya suɓuce daga hannunta. Ta zo ta durƙusa har ƙasa. Na sauke Kaka, ta lalubo kan Inna, ta shafa fuskarta, ta ce ashe ita ma ta tsufa. Sannan ta ce:

“Ɗiyata, saƙo na kawo miki, ya daɗe bisa hanya. Bai gudu ya bar ki ba. Zanen goyo ya saya miki, da maganarki a bakinsa ya cika. Ke kin yi abin da Allah ya halatta, ni ce na tsaya ina gardama da ƙaddara.”

Inna ta kifa kanta a cinyar tsohuwar ta yi kukan da ina jin tun ina ciki take riƙe da shi. Mijinta, mutum mai sanyin hali, ya tsaya daga zaure har suka natsa. Washegari shi da kansa ya yanka akuya, ya kira malaman unguwa, aka yi sadaka aka yi wa mahaifina addu'a a gidan mutumin da ya auri matarsa. Irin mutanen da na tarar ke nan a duniya.

Da muka huta na ce wa Kaka mu kama hanya, girbin dawa na jirana. Tana zaune a inuwar rumbu, Inna ta kawo mata auduga da mazari, ƙanwata ƙarama tana kwance a jikinta. Ta ce in tafi, ita ta sake ni, ta sami gidan da ake ba mata tuwo da man shanu. Na ɗauka wasa ne irin namu, ashe da gaske take. Baffana ya zo da kansa daga baya don ya mayar da ita, ta ce masa shekarun da ta hana yarinyar nan gaisuwa suna da yawa, ba za ta iya biyansu daga Karakkai ba. A Bilbis ta yi sauran kwanakinta, damina biyu ko uku. Ranar da ta cika, kanta yana kan cinyar Inna, kuma Inna ce ta yi mata wanka.